Sabo da Sabo: Alƙalai Biyu a Shari'ar Tsofaffin Wasannin Bidiyo

A rubutun Hausa na boko akwai kalmomi biyu da ido ba ya iya rabawa, sai kunne. Akwai sabo, wato abin da bai daɗe da zuwa ba, akwai kuma sabo, wato shaƙuwar da ke shiga tsakanin mutum da abin da ya daɗe tare da shi, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, karin sauti kawai ya bambanta su. Duk wanda ya taɓa sauraron gardamar da ake yi a kan tsofaffin wasannin bidiyo, ko a fada, ko a ɗakin malamai, ko a tsakar gida, zai lura cewa waɗannan kalmomi biyu su ne alƙalan da ke zaune a kan shari'ar, kuma kowanensu ya shigo da hukuncinsa a aljihu tun kafin a gabatar da wanda ake tuhuma.

Abin yakan faru kamar haka. Magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya ya tarar ana iya sa Super Mario Bros. a cikin wayar salula, sai ya kira ɗansa ɗan kwalej, ya miƙa masa da fara'a irin ta mai ba da gadon gida, ya ce: «Karɓi nan ka ga wasa na ainihi, ba irin shirmen da kuke yi ba.» Yaron ya danna na minti biyu, ya faɗa rami sau uku, ya mayar da wayar cikin ladabi ya ce: «Baba, ai hoton nan bai fita ba.» Uban ya tashi da cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, ɗan ya tashi da cewa mutanen dā ba su ga komai ba. Alhali kuwa babu ɗayansu da ya faɗi wani abu game da wasan kansa. Uban ƙuruciyarsa ya yaba, ɗan kuma ƙarfin na'ura ya auna.

Da gardamar ta tsaya a tsakar gida, da ba ta cancanci shafi a mujalla ba. Amma wasan bidiyo ya haura shekara 50 a kasuwa, idan aka fara ƙirga daga Pong na kamfanin Atari a shekara ta 1972, kuma tun shekara ta 2012 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin Niyok ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris. Abin da ya kai waɗannan shekaru ya tara tarihi, abin da ya tara tarihi kuwa dole wata rana a zaɓi wanda za a riƙe da wanda za a bari ya ɓace. Malamin da ke zaɓen littafin da za a karanta a aji ya san nauyin irin wannan zaɓe, ya kuma san yadda son zuciya ke shiga cikinsa sanye da rigar ilimi.

Kafin a tuhumi alƙalan, ya kamata a tambayi abin da magidancin nan ya buga a zahiri. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urarsa Famicom a Japan a shekara ta 1983, Super Mario Bros. ya biyo baya a 1985. Amma yaran Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, in ban da ƴaƴan masu hali ƴan ƙalilan, ba su riƙe shi ba sai cikin shekarun 1990, wasu ma sai bayan 2000, kuma yawanci ba a na'urar Nintendo ba. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin kayan waje ya ninka, na'ura ta asali ta ƙara yi wa aljihun ma'aikaci nisa. Abin da ya cika kasuwa shi ne na'urorin kwaikwayo na Taiwan da Sin, masu zuwa da bindigar roba da kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa wasanni 9999 a jiki, alhali in an bincika ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa ana sauya musu suna da launi. Wato wasan da ya riga ya tsufa a Tokyo, har aka yi masa ƙanne da jikoki, shi ne ya sauka a Nijar yana ango. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sabunta tana rataye ne ga wuri da ranar da aka fara ganin abu, ba a jikin abin take ba. Abin da magidancin ke kira begen tsoho a yau, in an tone shi, ɗokin sabo ne da ya yi shekara talatin a ajiye.

Ba a nan kaɗai tunaninsa ya bar shi a hanya ba. Talabijin ɗin Japan da Amurka na wancan zamani yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da yawancin ƙasashen Afirka kuwa sau 50. Wasanni da dama da aka tsara a Japan an kawo su Turai ba tare da an gyara musu wannan bambanci ba, saboda haka suka riƙa tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sanannen misali shi ne Sonic the Hedgehog na kamfanin Sega, na shekara ta 1991, wasan da duk tallarsa a kan gudu take: wanda ya buga shi a na'urar kwance da ta fito daga Faransa ya buga Sonic mai ɗan sanyin ƙafa, har kiɗansa ma ja yake yi. Yawancin na'urorin kwaikwayo da aka ƙera domin ƙasashe masu wannan tsari haka su ma suke. To ga mutum yana rantsuwa da saurin wasan ƙuruciyarsa, alhali bai taɓa ganin saurin da masu wasan suka nufa ba. Haka zancen hoto. Masu zanen wancan lokaci sun yi aikinsu ne domin talabijin mai ƙaton baya, wanda haskensa ke narkar da gefen ɗigo ya haɗa launi da launi. Ƴan murabba'ai masu kaifi da ake gani yau a fuskar waya, waɗanda wasu ke so a matsayin alamar zamanin dā, wasu kuma ke raina su saboda wannan dalili, babu yaron da ya gan su haka a 1990. Uban yana kāre hoton da bai taɓa gani ba, ɗan yana kushe hoton da mai zanen bai taɓa zanawa ba.

Me ya rage ke nan a zuciyar magidancin? Ɗakin wasa na unguwa ne ya rage: shago mai talabijin biyu ko uku da benci, zafin rana a kan kwano, ƴan dalolin da aka rage daga kuɗin kalaci, layin masu jira, ƙa'idar wanda ya ci shi ke riƙe manet, da salatin da ake yi baki ɗaya idan kuran ya ɗauke ana tsakiyar cin nasara. Ga ƙannensa da suka tashi a shekarun 2000, ɗakin bai sauya ba, sai dai PlayStation ta maye gurbin na'urar kaset, ƙwallon ƙafar kamfanin Konami ya maye gurbin Mario. Wasa ɗaya da aka samu da ƙyar ana yin wata uku a kansa, ana sanin kowane lungunsa, domin babu na biyu. Yaron yau da ke da wasanni ɗari a aljihu ba zai iya ba wani wasa irin wannan zama ba, kuma rashin haƙuri ba shi ne dalili ba. Yalwa ce ta hana.

Kalmar da Faransanci da sauran harsunan Turai ke amfani da ita wajen wannan hali, nostalgie, sunan cuta ce tun asali. Wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, shi ya ƙirƙiro ta a birnin Basel a shekara ta 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, domin ya siffanta ramar da ke kama mutanen Suwis idan sun yi nisa da garuruwansu. Ana ganin maganin cutar shi ne a mayar da mai ita gida. Sai dai gidan da mai begen ƙuruciya ke nema lokaci ne, lokaci kuwa babu motar da ke zuwa can. Ɗaliban lise da suka karanta Marcel Proust sun san yadda ɗanɗanon ɗan biskit da aka tsoma a shayi ya buɗe wa mai ba da labari dukan garin ƙuruciyarsa. Babu mai hankalin da zai karanta wannan ya ce marubucin yana tallar biskit ne, ko yana cewa ya fi na kowane gari daɗi. Biskit ɗin mabuɗi ne kurum. Kiɗan farko na Mario, wanda Koji Kondo ya tsara, irin wannan aiki yake yi wa miliyoyin mutane, kuma babu laifi a ciki. Laifin yana farawa ne idan aka ɗauki nauyin ɗakin da aka buɗe aka jingina wa mabuɗin.

Bege shaida ne mai gaskiya idan aka tambaye shi game da mai shi, amma idan aka tambaye shi game da wasa sai ya fara ƙari. A duba GoldenEye 007, wanda kamfanin Rare na Ingila ya fitar a 1997 a na'urar Nintendo 64. An sayar da shi fiye da miliyan 8, kuma ga samarin Amurka da Turai na wancan ƙarni shi ne wasan zaman dare, mutum huɗu a gaban talabijin ɗaya an raba musu fuska gida huɗu. Shekaru fiye da ashirin ana ambatonsa cikin fitattun wasannin duniya. Da aka sake fitar da shi a watan Janairu na 2023, da yawa daga masoyansa sun tarar da hannunsu ya manta da wahalar sarrafa shi, wahalar da wasannin baya suka daɗe da kawarwa. Wasan ya buɗe hanya, wannan ba a musu. Amma rabin abin da ake yabo a cikinsa abokai uku ne da ke zaune a gefe, su kuwa ba a sayar da su tare da kaset.

Akwai wata da'awa da masu bege ke yawan yi wadda ta fi sauran buƙatar a tsaya a kanta, domin tana kama da zancen tarbiyya, malamai kuma suna da saurin karɓar irinta. Ita ce cewa wasannin dā suna da wuya saboda suna girmama mai wasa, suna koya masa juriya, na yau kuwa suna lallashinsa. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan ba gaba ɗaya. An gina na'urorin ɗakunan wasa na Amurka da Japan ne domin su ci kwabo, wanda ya daɗe yana wasa da kwabo ɗaya kuwa hasara ne ga mai shago, don haka dole a kashe shi da wuri. Da wasa ya koma gida, kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, sai aka riƙa tsawaita gajeren wasa ta hanyar tsananta shi. Game da The Lion King na 1994, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin da ya tsara shi ya bayyana daga baya cewa an tsananta matakinsa na biyu da gangan, domin kada yaron da ya yi hayar kaset na kwana ɗaya ko biyu ya ci nisa har ya fasa saye. Juriyar da aka koya a nan gaskiya ce, amma ba malami ne ya tsara darasin ba, ɗan kasuwa ne.

Kada wannan ya sa a ɗauka ɗan ne ya yi nasara a gardamar. Alƙali na biyu, wato ɗokin sabo, ya fi na farko yawan kuskure a tarihi, sai dai kuskurensa ba ya daɗewa a ido domin wani sabon yakan zo ya binne shi. A shekara ta 1983 aka fito da Dragon's Lair a ɗakunan wasan Amurka, da hotunan zane masu motsi na Don Bluth, tsohon ma'aikacin Disney, a kan faifan leza. A lokacin da sauran wasanni ke nuna ƴan ɗigo, shi yana nuna abin da ya yi kama da silima, mutane suka yi layi suna biyan ninkin kuɗin da aka saba. Amma wasan da ke ciki bai wuce a danna maɓalli daidai a daidai lokaci ba, wanda ya kuskure ya mutu, wanda ya haddace ya wuce. Da ido ya saba, sai aka ga babu abin da ya rage wa hannu. Haka yawancin wasannin farko masu hoto mai zurfi na tsakiyar shekarun 1990, waɗanda aka yi wa guɗa a ranar fitowarsu: su ne suka fi saurin tsufa, domin abin da suka zo nunawa shi ne abin da na'urar shekara mai zuwa ta fi su iyawa. A ɗaya gefen kuma, lokacin da Nintendo ya nuna The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2002, masoya da yawa sun yi tir da hotonsa mai kama da zanen yara, suna son wanda ya fi kama da zahiri. Yau hoton nan shi ne abin da aka fi yaba masa, takwarorinsa masu neman kama da zahiri kuwa sun koɗe.

Ƙwallon ƙafa na bidiyo, wanda shi ne aka fi sani a ɗakunan wasan Nijar, ya mayar da ɗoki sana'ar shekara-shekara: a sauya sunayen ƴan wasa da rigunansu, a ƙara ɗan gumi a goshi, a ce na bara ya mutu. Duk da haka har yau akwai masu cewa ba a yi kamar Pro Evolution Soccer 6 na 2006 ba, kuma da wuya a rarrabe ko daɗin sarrafa ƙwallonsa suke nufi ko shekarunsu na lise.

Wannan ja-in-ja ba baƙo ba ne ga mai koyar da adabi. A shekara ta 1687 Charles Perrault ya sa aka karanta waƙarsa a Majalisar Harshen Faransanci yana fifita marubutan zamanin Louis na 14 a kan na Girka da Rum, Boileau ya fusata, aka yi shekaru ana fafatawa tsakanin ƴan dā da ƴan zamani. A Hausa ma an ga irinta tsakanin masu riƙe da Magana Jari Ce da masu karanta littattafan soyayya na Kano, ana mantawa cewa littafin Abubakar Imam shi ma a ƙarshen shekarun 1930 sabon abu ne, wanda ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya ɗinka musu rigar Hausa. Abin da ya fitar da adabi daga wannan rami, a duk inda ya fita, shi ne komawa ga matani: a buɗe littafin a nuna inda gwanintar take, shafi da layi. Wasan bidiyo ma yana da matani, sai dai da hannu ake karanta shi. Mataninsa shi ne ƙa'idojinsa, da abin da suke sa mai wasa ya yi, ya zaɓa, ya koya.

A koma ga Super Mario Bros. da wannan ido. Dukan wasan, da matakansa 32 da kiɗansa da zanensa, bai wuce kilobayit 40 ba, wato bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Ƙarancin wuri ya kai har zanen gajimare da na ciyayi ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Amma a dubi minti na farko. An tsayar da Mario a hagu yana fuskantar dama, gabansa fili, ba a rubuta ko kalma ɗaya ta umarni ba, kowa ya san inda zai nufa. Wata ƴar halitta ta taho a hankali, wanda bai yi tsalle ba ya mutu, amma bai yi hasarar komai ba domin bai yi nisa ba. Ya koyi tsalle ke nan. A sama ga tubala masu alamar tambaya suna ƙyalli, wanda ya buge su da kai sai laimar kwaɗi ta fito, ta gangara, ta bugi bututu ta juyo kansa. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka maƙiyi ce ya nemi tsallake ta, amma tubalan da ke samansa sun matse wurin, da wuya ya kauce, ta taɓa shi, ya ga ya girma. An koya masa bambancin aboki da maƙiyi ta hanyar kuskuren da aka shirya masa. Can gaba akwai matakala biyu masu gibi a tsakani: gibin farko yana da ƙasa, wanda ya faɗa sai ya fito, na biyu kuwa rami ne. Gwaji tukuna, sannan jarrabawa. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka da abokan aikinsu sun tsara wannan mataki ne kamar yadda gwanin malami ke tsara darasin ranar farko, kuma duk wanda ya taɓa shan wahalar koyar da aji mai yara tamanin ba tare da isassun littattafai ba zai gane girman aikin. Wannan yabo ne da za a iya nunawa da yatsa a gaban wanda bai taɓa son wasan ba. Da uban nan ya ba ɗansa manet mai maɓalli na gaske maimakon gilashin waya mai santsi, wanda ba domin shi aka tsara tsallen Mario ba, ya kuma yi shiru na minti goma, da wataƙila hukuncin ya sauya.

Irin wannan karatu yana raba tsofaffin wasanni gida biyu, waɗanda bege ke cakuɗawa. Akwai masu darajar tarihi, waɗanda suka fara wani abu: Pong yana cikinsu, haka ma Space Invaders na Tomohiro Nishikado na 1978, wanda maharansa ke ƙara sauri idan sun ragu saboda aikin na'urar ya yi sauƙi, mai shi ya ga abin ya yi kyau ya bar shi haka. Akwai kuma masu rai har yanzu, kuma shaidar ransu ita ce hannun da ba shi da abin tunawa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a wata cibiyar kwamfuta ta Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi bakwai ne kawai, kowace da murabba'i huɗu. A gasar duniya ta 2018, wadda ake yi a kan kaset ɗin Nintendo na 1989, wani yaro ɗan shekara 16 ya kayar da gwanin da ya ci kambun sau bakwai. Yaran da suka biyo bayansa suka ƙirƙiro sabuwar hanyar riƙe manet, suna kaɗa yatsu a bayansa kamar mai kiɗan kalangu, har a watan Disamba na 2023 wani ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya kai wasan mataki na 157, inda lissafin na'urar ya rikice ta tsaya cik. Waɗannan yara ba su da ƙuruciyar 1989 da za su yi bege. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ke riƙe dattawa a gindin bishiya a kan dara, gurbi 30 a cikin rairayi da ƴaƴa 12 ga kowane ɓangare, wasan da babu wanda ya taɓa cewa hotonsa bai fita ba.

Akwai kuma hukuncin gado, wanda ba bege ba ne ba kuma ɗoki ba. E.T. na Atari, wanda aka ba mutum ɗaya makonni biyar da ƴan kwanaki ya gama a 1982, ya yi suna a matsayin mafi munin wasa a tarihi, labarin binne kaset ɗinsa a Alamogordo a 1983 da tono su a 2014 ya ƙara wa sunan gishiri. Yawancin masu maimaita wannan hukunci ba su taɓa kunna shi ba.

Abin da ya sa batun ya wuce nishaɗin gardama shi ne cewa alƙalan nan biyu sun daɗe da shiga aikin ƴan kasuwa. Kamfani ɗaya ne ke sayar wa ɗa sabo ya sayar wa uba sabo. A ƙarshen 2016 Nintendo ya fito da ƴar ƙaramar na'ura mai siffar tsohuwar, da wasanni 30 a ciki, aka sayi miliyan 2 da dubu 300 cikin ƴan watanni. A 2017 aka sake fito da wayar Nokia 3310 da macijinta, domin waɗanda Snake ne wasansu na farko, kuma a Nijar suna da yawa. Sony ya bi sahu a 2018 da PlayStation Classic, ya sa wasanni 20, tara daga cikinsu irin na Turai masu sanyin tafiya, masu saye a Amurka suka yi ca, domin ba haka suka san su ba. A 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗewa ba a kan dalar Amurka miliyan 2, kuɗin wasan da babu wanda zai buga. A gefe guda, wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa ta halal. Wato jerin da ake kira na fitattun wasannin dā, a aikace, jerin waɗanda masu su suka ga riba a sake sayarwa ne, kuma begen masu saye na ƙasashe masu kuɗi shi ke tsara shi.

Nan ne tarihin kaset ruwan ɗorawa ya zama abin lura. Wasan tankokin yaƙi da yaran unguwa suka sani, inda mutum biyu ke haɗa kai su kāre gaggafa a bayan katangar tubali, sunansa Battle City, na kamfanin Namco, 1985. Ba a taɓa fitar da kaset ɗinsa a hukumance a na'urar Nintendo ta Amurka ko ta Turai ba, ba ya cikin wasanni 30 na ƴar na'urar 2016, kuma da wuya a same shi a jerin da mujallun can ke tsarawa. Amma a ƙasashen da na'urar kwaikwayo ta yi sarauta, daga Rasha zuwa Afirka, yana sahun gaba. Idan aka karanta shi da ido irin na sama, yana da abin nunawa: katangar da ke kāre mutum ita ce harsashinsa ke rushewa, abokin wasa yana iya zama sanadin faɗuwa da harbi ɗaya na ganganci, kuma yana da wurin da yaro zai gina filin yaƙinsa da kansa. Ƙungiyar al'adu ko gidan matasa da ke son shirya baje kolin tsofaffin wasanni, in ta kwafi jerin Amurka, za ta nuna wa yaran Maraɗi ƙuruciyar wasu. In kuma ta bi begen shugabanninta kawai, za ta tara kaset ashirin da yara za su wuce ba su waiwaya ba. Abin da zai yi amfani shi ne a kunna wasan, a zaunar da wanda ya san shi da wanda bai san shi ba, a rubuta abin da kowanensu ya yi da hannunsa, a kuma naɗi bakin masu tsofaffin ɗakunan wasa tun suna nan, domin su ne suka san ta wace hanya kayan suka shigo da abin da yara ke kiran kowane wasa.

Kuma lokacin ba shi da yawa, saboda wani dalili na ƙarfe da gilashi. Bindigar robar nan ta harbin agwagwa, ta wasan Duck Hunt na 1984, tana aiki ne da yadda tsohon talabijin ke haska hoto a daidai lokacin da aka ja kunama. A gaban talabijin mai fuskar allo na yau ko an harba sau ɗari agwagwa ba ta faɗuwa. Masu ƙaton bayan kuwa suna ta ƙarewa a shagunan masu gyara, ana fasa su ana cire jan ƙarfen da ke ciki ana sayarwa a kilo.